Kulob, Gayya da 'Yan Agaji: Sharhi Kan Ƙungiyoyin Hidimar Jama'a

A garuruwanmu da dama, idan aka wayi gari aka ga sabuwar rijiyar burtsatse, a gefenta an kafa allo mai zanen wili mai haƙora ko kan zaki, maganganu uku ne ke biyo baya a majalisa. Wani zai ce ƙungiyar asiri ce. Wani zai ce kuɗin Turawa ne aka turo, an ci tara an fito da ɗaya. Na ukun zai ce harkar manya ce, su ci su sha a otal, su raga wa talaka abin da ya saura. A daidai lokacin kuma, samarin unguwar da suka kwana suna yashe kwata ba wanda ya kira su ƙungiya, domin ba su da allo.

Wannan ruɗani yana da illa ta fuska biyu. Yana sa a guje wa alherin da ba shi da aibu, yana kuma ba mazambata damar fakewa da sunan taimako, tunda jama'a ba su san tambayar da ya kamata su yi ba.

Wace ce wace?

Aikin sa-kai shi ne mutum ya ba da lokacinsa ko ƙarfinsa ko iliminsa don amfanin wasu, ba tilas, ba albashi. A Zamfara da Katsina da Sakkwato yanzu in aka ce 'yan sa-kai, masu ɗauke da bindigar harba-ka-ruga ne ke zuwa wa mutane a rai. Ba su ake nufi a nan ba.

Kulob kalma ce ta aro daga Turanci, ma'anarta taron mutanen da suka yi rajista, suke biyan kuɗin zama mamba, suke haɗuwa a kan kari. Kulob ɗin hidima shi ne wanda manufarsa yi wa jama'a aiki, irin su Rotary da Lions, masu wancan tambari na wili da na kan zaki. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, mamba a irin wannan kulob biya yake yi, ba a biyan sa.

Ƙungiya mai zaman kanta, wadda aka fi sani da NGO, daban take. Tana da ofis da ma'aikata masu albashi, kuma yawanci kuɗinta daga masu ba da tallafi yake zuwa, bayan ta rubuta musu takardar neman aiki. Gidauniya kuwa asusu ne da mutum ko iyali ko kamfani ke warewa don ayyukan alheri. Red Cross tana da nata matsayi: a Nijeriya dokar majalisa ce ta kafa ta a 1960, a matsayin mataimakiyar hukuma wajen agajin gaggawa, ƙarfinta kuma 'yan sa-kai ne. Sai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, da uwa uba aikin gayya, wanda ya riga su duka zuwa.

Zakka ba ta cikin wannan jeri, ko da yake ana cakuɗa ta da shi. Farilla ce mai nisabi da ƙayyadadden kaso, kuma Alƙur'ani ya ambaci rukuni takwas na masu karɓarta. Waƙafi, ko hubusi, shi ne a tsare dukiya a bar amfaninta yana gudana. Sadaka ce ƙofarta a buɗe take, kuma a cikinta ne yawancin abin da ƙungiyoyi ke yi yake faɗawa.

Daga Shikago zuwa Kano

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu 1905, shi da abokansa uku. Da farko ba agaji ne ya haɗa su ba. Baƙi ne a babban birni, suna neman abokan hira da abokan ciniki da za a amince wa, suna zagayawa da taronsu daga ofishin wannan zuwa na wancan. Daga baya ne hidimar jama'a ta shigo, ta zama ita ce tutar ƙungiyar. A 1917 aka kafa asusun da ya zama Gidauniyar Rotary, gudummawar farko da ta shiga cikinsa kuwa dala 26 ce da rabi.

A wannan shekara ta 1917, a birnin dai, wani dillalin inshora mai suna Melvin Jones ya kafa Lions. A 1925 Helen Keller, fitacciyar marubuciya makauniya kuma kurma, ta yi jawabi a babban taronsu ta roƙe su su ɗauki yaƙi da makanta a matsayin aikinsu. Sun kuwa ɗauka. Shi ya sa har yau in aka ji ana gwajin ido kyauta, ko aikin yanar ido, ko rabon tabarau, sau da yawa akan ga tambarinsu a wurin. A Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka sun haɗa hannu da Cibiyar Carter wajen yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa.

Ƙungiyoyin biyu sun daɗe na maza ne zalla. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 sannan ƙofa ta buɗe wa mata, kuma sai a 2022 mace ta fara shugabantar Rotary ta duniya.

Wani abin da Kanawa da yawa ba su sani ba shi ne, kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan. Daga wannan kulob ne kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya ya fito, wato Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano, wanda ya riƙe kujerar daga Yulin 2003 zuwa Yunin 2004. A riƙe waɗannan shekarun, za su sake fitowa a gaba.

Me ake yi a ciki?

Taron kulob na mako-mako ba shi da wani abin al'ajabi. Shugaba yakan rataya wata sarƙa mai ɗauke da sunayen waɗanda suka gabace shi, ya buga ƙararrawa, a buɗe taro. A gabatar da baƙi, domin baƙo yana iya zuwa in wani mamba ya gayyace shi. Sakatare ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai wani jami'i mai kula da tsari, wanda aikinsa har da cin tara ta raha: ka makara ka biya, wayarka ta yi ƙara ka biya, an yi maka haihuwa ko ƙarin girma ka sa wani abu a faranti. A saurari wani baƙo mai jawabi, likita ko injiniya ko jami'in gwamnati, a ci abinci, a sake buga ƙararrawa, a watse.

A ƙarƙashin wannan al'ada akwai tsare-tsare uku da su ne ƙashin bayan abin. Na farko, kowane mamba yana biyan kuɗi a kan kari, wani kaso ya tsaya a kulob, wani ya tafi gunduma, wani ya tafi hedkwata. Na biyu, shugabanci na shekara ɗaya ne; ranar 1 ga Yuli kowace shekara sabon shugaba ke hawa, daga ƙaramin kulob har zuwa na duniya, kuma tun kafin ya hau an riga an san wanda zai gaje shi. Na uku, ana son sana'o'i su bambanta a cikin kulob ɗaya, ta yadda in za a gyara ajin makaranta akwai magini, akwai akanta, akwai lauya. In aikin ya fi ƙarfin kulob, sai ya nemi wani kulob a wata ƙasa su haɗa kuɗi, gidauniya ta ƙara musu, amma da sharaɗin rahoto da rasit.

Matasa suna da nasu rassa, Rotaract a Rotary da Leo a Lions, waɗanda aka fi gani a jami'o'i.

Abin da ke hannunmu tun da

Bahaushe bai jira Shikago ba kafin ya san taimakon juna. A karkara, wanda gonarsa ta fi ƙarfinsa, ko tsoho, ko mai jinya, ko saurayi mai neman aure da zai yi wa surukai noma, sai a kira gayya. A fito da sassafe da garma da hauya, makaɗa suna zuga, mata suna dama fura ko kunu, kafin azahar an nome abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da shi. Haka ake ɗaga jinka, haka ake yaɓen katangar masallaci, haka ake gyaran hanya bayan damina. A Nijar, samariya ta kowane gari da sarkin samarinta ita ce ke ɗaukar irin wannan aiki, har gwamnatin Seyni Kountché bayan 1974 ta farfaɗo da ita ta mai da ita wani ginshiƙi na tsarin raya ƙasa, abin da ya ƙara mata ƙarfi ya kuma jawo ta cikin siyasa.

A birni gayya ta sauya kaya amma ba ta mutu ba. Kafin ruwan farko, a unguwannin Kano da Zariya da Katsina za ka ga matasa da shebur da manjagara da baro sun shiga kwata har gwiwa, suna fito da leda da yashi suna tarawa a bakin titi, mai shago ya miƙo ledar ruwa, wata dattijuwa ta aiko da ƙosai. Akwai masu zuwa maƙabarta bayan ruwa su cike kaburburan da suka rufta, ba wanda ya san sunansu. Akwai masu zagaya asibiti da kular abinci, da masu biya wa fursunoni 'yar tarar da ta hana su fita.

'Yan agaji kuwa suna cikin manyan rundunonin sa-kai a arewacin Nijeriya, ko da yake ba a cika lissafa su ba in ana zancen ƙungiyoyin hidima. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, tana da nata. Fityanul Islam tana da nata. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, tana da nata, kuma tana tara fatun layya duk shekara ta sayar don ayyukanta. Su ne a filin Idi, su ne a wajen tafsiri, su ne a sansanin alhazai, su ne ke ɗaukar wanda ya yi haɗari. A ɓangaren mata akwai Jam'iyyar Matan Arewa tun 1963, da FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. A majami'u akwai Zumuntar Mata, wadda ziyarar marasa lafiya da tallafa wa gwauraye da marayu ke cikin aikinta na yau da kullum.

Ke nan ba ƙarancin tausayi ke damun mu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa. Gayya aikin yini ɗaya ce. In an watse an watse. Ƙungiyoyin unguwa da yawa kuma a jikin mutum ɗaya suke rataye: shi ya kafa, shi ne shugaba shekara goma sha, kuɗi a asusunsa na kansa suke shiga, ranar da ya samu muƙami ko ya rasu, ƙungiya ta bi shi.

Zargin asiri: daga ina ya taso?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, kuma ba daidai ba ne a kore ta da cewa jahilci ne. Tana da tushe a tarihi.

Masuniyya, wato ƙungiyar Freemason, tsohuwar 'yan'uwantaka ce ta Turai mai rantsuwa da matakai da bukukuwan da ba a yi a gaban wanda ba mamba ba. Wasu daga cikin mutanen farko na Rotary da Lions, har da Melvin Jones, mambobinta ne, kamar yadda ɗimbin 'yan kasuwar Amurka na wancan zamani suke. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta fitar da matsaya mai tsanani a kan Masuniyya, ta kuma ambaci Rotary da Lions a cikin ƙungiyoyin da ta ce tana fakewa da su. Wannan matsaya ta yaɗu a littattafai da wa'azi, kuma ita ce madogarar malamai da yawa da ke hana shiga.

Ba Musulmi kaɗai suka yi ɗari-ɗari ba. A 1951 fadar Paparoma ta hana limaman Katolika shiga Rotary, kafin daga baya dangantaka ta gyaru har Paparoma John Paul na Biyu ya yi wa mahalarta babban taronta jawabi a Rum a 1979. A Jamus ta zamanin Hitler ma sai da kulob-kulob ɗin Rotary suka rufe a 1937.

Masu kare ƙungiyoyin suna cewa a duba abin da ake gani. Ba rantsuwar ɓoye sirri, ba matakan da ake hawa a asirce, sunayen shugabanni a bayyane suke, baƙo yana shiga taro, kuma dokarsu ta hana kulob ɗaukar matsaya ta addini ko ta jam'iyya. Suna nuni da cewa akwai kulob a Masar tun 1929, akwai a Turkiyya da Pakistan da Bangladesh da Malesiya da Indonesiya da Maroko, cike da Musulmi masu salla. Malaman da ke ganin halacci sukan kawo misalin Hilful Fudul, yarjejeniyar kare wanda aka zalunta da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin Musulunci, wadda Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, ya kuma yabe ta bayan an aiko shi. A wajensu, haɗa kai da wanda ba addininku ɗaya ba a kan aikin alheri ba laifi ba ne, matuƙar ba a sa ka saɓo.

Ta fuskar doka, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba, kuma waɗannan kulob a fili suke aiki, da sanin hukuma. Hukuncin shari'a na shiga ko ƙin shiga na malamai ne, kuma sun saɓa. Abin da mai sharhi zai iya faɗa shi ne, tsarin da ake gani na kulob bai yi kama da na ƙungiyar asiri ba, amma akwai abubuwa na zahiri da ke ciyar da zargin: taro a otal inda ake sayar da giya, harshen Turanci zalla, cuɗanyar maza da mata a liyafar dare, da shiga ta hanyar gayyata. Mutumin da bai taɓa ganin cikin ɗaki ba, in ya ga manya suna shiga suna rufe ƙofa, ba abin mamaki ba ne ya yi zato. Kulob ɗin da ke arewa kuma bai yi ƙoƙarin a zo a gani ba wajen fassara kansa ga jama'a da harshensu.

Darasin shan inna

Babu inda ƙarfin kulob da rauninsa suka fito fili kamar yaƙi da cutar shan inna. Rotary ta fara da wani shiri a Filifin a 1979, ta ƙaddamar da babban shirinta na PolioPlus a 1985, sannan a 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin ana ƙiyasin tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Daga nan zuwa yau Rotary ta zuba fiye da dala biliyan biyu, kuma Gidauniyar Gates tana ninka mata abin da ta tara. Shekara arba'in ke nan a kan aiki ɗaya, shugabanni suna sauyawa duk shekara, aikin bai sauya ba.

Amma a 2003, daidai lokacin da mazaunin Kano ke shugabantar Rotary ta duniya, a Kano ɗin aka dakatar da rigakafin, bisa zargin cewa an gurɓata ɗigon da abin hana haihuwa. Wasu jihohin arewa ma sun dakatar na ɗan lokaci. Zargin bai tabbata ba, amma ya samu ƙasa mai dausayi: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da iyaye suka yi ta yi, wadda ba ta wauta ba ce: me ya sa ake bin mu har gida da ɗigo kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓi ko ƙyanda sai mun saya?

Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004, bayan an kawo maganin da aka sarrafa a Indonesiya, amma kafin nan da bayan nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20. Abin da ya juya al'amarin ba ƙarin dala ba ne kaɗai. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan arewa kan lafiya a matakin farko. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, limamai suka yi huɗuba, mata 'yan unguwa suka shiga gida-gida, waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu suka fito a kan kekunansu suna yi wa iyaye magana. An yi asarar rayuka a hanya. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake wani nau'i da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci yana nan ana fama da shi a arewa maso yamma.

Kulob yana da kuɗi da tsari da juriya, ba shi da ƙofar shiga zaure. Mai unguwa da liman suna da ƙofar, ba su da firjin ajiye magani. Aikin bai tafi ba sai da suka haɗu.

Sukar da ta fi nauyi

In an ajiye maganar asiri, akwai suka da ta fi ta tushe, kuma ta shafi kowa, na otal da na unguwa.

Shugabancin shekara ɗaya yana hana mulkin mutum ɗaya, amma yana haifar da gaggawa: kowane shugaba yana son aikin da za a yanke ƙyalle a zamaninsa. Sai a haƙa rijiya, a ɗauki hoto, a tafi, ba a kafa kwamitin da zai riƙa tara 'yan kuɗin gyara ba, ba a koya wa kowa sauya roba ba. Bayan wata shida famfo ya tsaya, allo kuwa yana nan daram.

Sai maganar mutunci. Rabon buhun shinkafa ga marayu ana haska fuskokinsu a Facebook da TikTok ya zama ruwan dare. Masu yi suna cewa hoto ne shaidar da mai ba da kuɗi ke nema, kuma yana zaburar da wasu. Akwai gaskiya a nan. Sai dai ana iya nuna kaya da rasit ba tare da an nuna hawayen bazawara ba, kuma yaron da aka ɗauka yau zai girma ya tarar da hoton.

Mafi muni shi ne rabon da ba tsari. A Maris 2024 mutane sun mutu a turmutsitsin rabon kuɗin sadaka a Bauchi. A Disamban shekarar, cikin kwana huɗu, yara 35 suka mutu a wani taro a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, 10 a wata majami'a a Maitama ta Abuja. Dukkansu da niyyar alheri aka kira mutanen. A ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, sanarwar rabo a rediyo ko a intanet kira ne ga dubbai. 'Yan agaji da masu unguwanni sun daɗe da sanin maganin wannan: a rubuta sunaye tun da wuri, a ba da kati, a raba a wurare da yawa, ko a kai har gida da dare.

Akwai kuma siyasa. Gidauniyoyi kan yi yawa in zaɓe ya ƙarato, su ɓace bayan an rantsar.

Doka da lissafi

A Nijeriya ƙungiya tana samun rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyarta a madadin kowa. Da wannan takarda take buɗe asusun banki da sunanta, kuma ana buƙatar ta yi rajista da SCUML, sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram a ƙarƙashin EFCC. Ƙananan ƙungiyoyi sukan tsaya a rajistar jiha ko ƙaramar hukuma. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba CAC ikon dakatar da amintattu in an samu almundahana, sashen da ya jawo ƙorafi mai zafi, musamman daga shugabannin majami'u, waɗanda suka ga kamar hanya ce ta sa hannun gwamnati a harkar ibada. Masu goyon baya suka ce duk mai karɓar kuɗin jama'a dole a samu mai tambayar sa.

Ga mai son ba da gudummawa, tambayoyin ba su da wuya. Asusun da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi? Yaushe aka sauya shugaba na ƙarshe? Ina aikin bara, yana aiki? Ƙungiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Abin da ake hange

Alamu suna nuna nauyi zai ƙaru a kan na gida. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 buƙata ta ninka, a farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, abin da ya taɓa asibitoci da cibiyoyin ciyar da yara a arewa maso gabas. Kulob-kulob na ƙasa da ƙasa su ma suna jin jiki, domin kason da ake aika wa hedkwata da dala ake lissafa shi, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin shekara guda. Ma'aikacin gwamnati da a da yake iya biya yanzu sai ya yi tunani.

Matasa kuma sun fi karkata ga tara kuɗi ta WhatsApp da sauran kafofin sada zumunta, inda ake haɗa kuɗin tiyatar mara lafiya cikin kwana biyu. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna saurin wannan hanya: kafin manyan motocin agaji su iso, masu kwale-kwale da matasan unguwa da mata masu dafa abinci a manyan tukwane sun riga sun fara. Ta kuma nuna rauninta, domin bayan ruwa ya janye an yi ta tambayar inda wasu kuɗaɗen suka shiga.

Hukumomin zakka da waƙafi da jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suka kafa, da kwamitocin masarautu a Jigawa, wani yunƙuri ne na sa wa kyauta tsari daga cikin gida. Ko za su samu amincewar masu dukiya ya dogara ne a kan abu ɗaya da ake nema daga kulob da ƙungiyar unguwa: su riƙa buga abin da ya shigo da inda ya tafi, duk shekara, a wurin da mai unguwa da ɗan kasuwa za su iya karantawa.